Garken da Ba Jaki a Gabansa

Ran Juma'a da la'asar mutanen Kirbat Sawwan suna dawowa daga bikin gidan Shehi Falah, kowa ya cika cikinsa da mansaf, shinkafa da naman rago, sai suka tarar an datse wayar shingen tsohon ramin haƙar ma'adinin fosfat ta wajen gabas. An naɗe ta gefe guda tsaf. Ciki kuwa, ƙataf ɗin nan, ɗan itace mai ganyen gishiri da aka yi shekara biyar ana lallaɓawa, tumaki sun bi shi sun yi masa aski.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Tun da kamfanin ya gama haƙa ya cike ramin ya dasa itatuwa, hukuma ke riƙe da kuɗin jinginarsa, ta ce ba za ta saki ba sai ƙasar ta nuna ta rayu da kanta. Ran Lahadi mai awo za ta zo daga Amman, babban birnin ƙasar. In filin ya ci awo, kamfani ya karɓi kuɗinsa, a cire shinge, makiyaya ta koma hannun mutanen gari. In an ce dabbobi sun ɓata shi, to sai a sake sabon jira. Mutanen da suka gaji da sayen sha'ir da tsada ba su da haƙurin wani jiran.

Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci: Miflih ne. Wa kuma? Shi ne makiyayin da ba ya wuce shingen nan bai tofa masa yawu ba, shi ne ke cewa nan ubansa ya yi kiwo kafin a zo da motocin haƙa. Ba shi da dangi masu yawa, ba shi da bakin lallashi, kuma ba a gan shi wajen biki ba. Cewa ba a gayyace shi ba ne, wannan ba wanda ya tuna.

Shehi Falah ya ce za a zauna ran Lahadi da yamma. In Miflih ne, za a sayar da garkensa a biya ɓarna, shi kuma ya tattara tantinsa ya bar ƙasar ƙabila. Sannan ya aika a kira Abu Sayil, mai bin sawu.

Abu Sayil tsoho ne siriri, mai yawan mita. Idonsa ya fara raunana wajen karatun Alƙur'ani amma a kan ƙasa bai yarda ya tsufa ba. Da sassafen Asabar ya isa bakin shingen, ya dubi inda rabin gari ya tattake jiya, ya ja tsaki.

"Da sun zo da amaryar ma sun yi rawar a nan, sai a huta," ya ce.

Mai gadin filin, Suwailim, wanda ake kira Abu Rakan, ya fito daga ɗakinsa na kwano da butar shayi. Su biyun tare suka yi ƙuruciya. Suwailim ya yi shekarunsa cikin ramin har ƙura ta cinye masa ƙirji, sai kamfani ya ba shi gadi da ban ruwan shuka. Yana tafiya yana jan ƙafar hagu, numfashinsa na fito.

"Ina kake jiya, Abu Rakan, aka ci amanarka haka?"

"Kwance. Ƙirjin ya tashi, na sha maganin nan mai sa barci. Ko bindiga aka harba ba zan ji ba."

"Ka yi asarar mansaf."

"Mansaf ɗin gidan Falah? Shinkafa tsibi, nama sai an sa fitila."

Abu Sayil ya yi dariya, ya kurɓi shayin, ya shiga ciki inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba. Ya daɗe sunkuye. Sawun tumakin a warwatse yake, nan da can, ba layi. Kofatonsu dogaye ne masu lanƙwasa a baki. Ya murtsuke kashinsu da yatsa, ya ga ɓawon sha'ir fal. Akwai kuma abin da ya nema bai samu ba, ya zaga har sau biyu yana nemansa.

Ya tarar da Miflih a kwarin da ke bayan gari, zaune a inuwar jakinsa. Gefen jakin ga ƙaton ragon nan da ba a yi wa sausaya, ƙararrawa a wuya, ya manne masa kamar ɗa da uwa. Haka ake renon ragon gaba a ƙasar: tun yana jariri a raba shi da uwarsa a haɗa shi da jaki, ya tashi yana bin jaki, garke kuma yana bin sa.

Miflih bai tashi ba. "An turo ka ka ƙirga su kafin a kai kasuwa?"

"Na zo gaisuwa."

"To ka gaisa. Wallahi da na san za a ɗora mini, da ni na yanke wayar, ko banza tumakina sun ƙoshi."

"Irin wannan bakin ne ya jawo maka."

"Bakina nawa ne, Abu Sayil. Shi ma za a sayar?"

Abu Sayil ya kama wata tunkiya ya ɗaga ƙafarta. Kofaton gajere ne, tsakuwar jeji ta goge shi sumul. Ya saki, ya kama wata, duk ɗaya.

"Ka taɓa kora su wani wuri ba da jakin nan ba?"

Miflih ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Ka gwada mana. In suka yi taku uku na ba ka su kyauta."

Da zai tafi, Miflih ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba, muryar ta sauka. "Uwata tana kwance a maƙabartar garin nan. In aka kore ni, wa zai riƙa zuwa wajenta?"

Tausayinsa ya kama Abu Sayil, har ya rasa abin mita. Ya dai ce masa ya zo zaman gobe, kuma ya bar bakinsa a gida.

A shagon shayin bakin titi wani ya rantse ya ga akori-kurar Nidal, wakilin kamfani, a wajen filin ran Juma'a da hantsi. Nan take zance ya juya. Ai dama kamfani ne, shukar ce ba ta yi ba, suna neman wanda za su laƙa wa. Abu Sayil ya je ofishin Nidal, ya same shi da sigari biyu a kunne, ɗaya a baki ɗaya a toka.

"Na je, Baffa, ban musa ba. Tutoci na kafa wa mai awo don ta ga iyakar fili. Ka yi tunani mana, in aka ce a sake jira, kuɗinmu ne zai ci gaba da kwana a hannun hukuma. Manyana sun kira ni jiya har kunnena ya yi zafi. Ni da na yi wa matata alkawarin komawa Irbid kafin sanyi."

"Da ka je, wayar lafiya take?"

"Lafiya lau. Abu Rakan ma na gani yana ta fama da durorinsa, na ce ya huta, ya ɗaga mini hannu."

Abu Sayil bai riƙe wannan maganar ba a lokacin. Hankalinsa na kan wani abu: bayan tudun ƙasar da ke gabas da shingen ya ga sawun babbar mota, da inda aka jingina katako aka sauke dabbobi.

Sawun ya kai shi garken wani dillalin tumaki a bakin babban titi, inda ake ɗure raguna da sha'ir don kasuwar layya. Kofatonsu ya yi zaƙo-zaƙo don ba sa tafiya. Dillalin mutum ne mai tumbi da fara'ar da ba ta kai ciki ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, da ya ji an ambaci 'yan sanda sai ya zauna.

"Ni baƙo ne a nan, Alhaji. Mutum ya zo ya ce akwai ciyawa kyauta ran Juma'a bayan an shiga masallaci, in kawo su su ɗan taɓa. Wa zai ƙi? Na iske ƙofa a buɗe."

"Wane mutum?"

"Ya rufe fuska da rawani. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba." Sai ya ƙara da dariya. "Amma ban taɓa ganin mai kyauta mai rowa irinsa ba. Ya tsaya tsakiyarsu da sanda kamar ɗan sandan hanya, nan ku ci, nan kar ku ci. Ba su ko ƙoshi ba ya ce in kwashe abina."

Ran Lahadi da safe mai awon, Injiniya Lubna, ta iso, mace ƙarama mai takalmin sojoji da hular rana a kan ɗankwali. Ba ta tsaya shan shayi ba. Ta miƙa igiyar awo daga turke zuwa turke, tana bin ta tana duba abin da ya taɓa igiyar, ganye ne ko ƙasa tsirara. Can ta ajiye wani ƙarfe mai kusurwa huɗu ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin ƙataf. Abu Sayil ya tsaya daga gefe yana kallo, abin ya burge shi. Bai saba ganin mutanen birni sun durƙusa wa ƙasa ba.

"Baffa, kai ne mai bin sawun? Zo ka ga wani abu da ya ɗaure mini kai."

Ta kai shi wani ɗan gangare inda aka dasa 'yan kurnoni, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, ganyensu shar.

"Tunkiyar da ta samu ɗanyen ganyen kurna ba za ta tsaya lasar gishiri ba. Dubi ƙataf ɗin da ke kewaye, duk sun taɓa. Waɗannan ko ganye ɗaya ba a tsinka ba. Ni na san itace, ban san tunkiya ba. Ko naku na nan masu kunya ne?"

"Namu ma ba su da ita, 'yata."

Ya tsugunna. Sawun tumaki ya zo har kusa da kurnar ya tsaya, ya kewaye ta. A ƙasa, zagaye da gindinta, ga wani zobe da bakin ƙarfe ya zana, an danna shi da ƙarfi. Ya matsa ta gaba, zobe. Ta gaba, zobe. Tsakanin kowace kurna da 'yar'uwarta kuma ga sawun takalmi, na dama ya taka, na hagu ya ja.

Ya daɗe a tsugunne fiye da yadda aikin ke buƙata. Maganar Nidal ta dawo masa. Durorin nan da aka raba biyu, da su Suwailim ke kife 'yan itatuwansa in sanyin hunturu ya yi tsanani, kuma yanzu ba hunturu ba ne. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji a kan wani sawu ba. Da ana mayar da gani, da ya mayar.

"In filin nan ya ci awo, me zai faru da mai gadi?" ya tambaye ta.

"In ba shinge ai ba gadi, Baffa." Ta dube shi, ta dubi zoben.

Ya bi ta bayan ɗakin kwanon. Durorin na jere a jingine, ɗanyar ƙasa manne a bakinsu. Suwailim na zaune bakin ƙofa, ya ga inda idon abokinsa ya sauka.

"Ka sha shayi?" Suwailim ya ce.

"Ba yau ba. Ka zo zaman, Abu Rakan. Ka zo da ƙafarka."

Zauren Shehi Falah ya cika bayan la'asar. Miflih ya zauna can bakin ƙofa shi kaɗai, an bar masa fili hagu da dama. Nidal na kusa da Shehi, an sa wa Injiniya Lubna kujera a matsayinta na baƙuwar hukuma, an kawo dillalin yana ta share gumi. Suwailim ya shigo a ƙarshe ya raɓe a kusurwa.

Aka zagayo da gahawa. Da aka miƙa wa Abu Sayil finjali sai ya karɓa ya ajiye shi a ƙasa gabansa bai kai baki ba. Duk idanu suka koma kansa. Kowa ya san baƙon da ya ajiye gahawa yana da buƙata, kuma abin kunya ne ga mai gida ta huce a wurin.

"Sha gahawarka, Abu Sayil," in ji Shehi.

"Sai ka ba ni abu biyu. A wanke fuskar Miflih a gaban duk wanda ya ɓata ta. Wanda ya yi abin kuma, ba za a kore shi ba, ba za a kai shi ga hukuma ba. A nan za a gama."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce wato ɓarawo ma yanzu da mai roƙa masa. Shehi ya dubi Nidal, Nidal ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai a bar shi ya koma Irbid. Shehi ya dubi finjalin, tururinsa ya fara raguwa.

"An ba ka. Sha."

Ya shanye, sannan ya yi bayani a taƙaice. Garken da ya shiga filin ba jaki a gabansa, ba ragon ƙararrawa, kuma duk wanda ke zauren ya san tumakin Miflih ko wuta ake yi ba sa motsi sai jakinsa ya motsa. Tumakin ɗure ne, a mota aka kawo su, ga mai su nan zaune. Dillalin ya sunkuyar da kai.

"To wa ya buɗe musu?" Shehi ya tambaya.

"Wanda ya buɗe musu, kafin ya buɗe sai da ya bi 'yan kurnonin nan ɗaya bayan ɗaya ya kife su da duro, don kar a taɓa su. Maƙiyin fili ba ya haka. Wanda ya rene su ne, ya zo ɓarna zuciyarsa ta ƙi."

Bai ambaci suna ba, bai kuma dubi kusurwa ba. Tari ne ya fara fitowa daga can, sannan Suwailim ya dafa bango ya miƙe.

"Ni ne. Ba sai an wahalar da Abu Sayil ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ran da aka cire shingen nan, albashi ya tsaya, katin asibiti ya tsaya. Wa zai ɗauki mai rabin huhu? Na ce in aka ƙara 'yan shekaru, ƙila su ishe ni. Wallahi ban kawo Miflih a raina ba. Amma da na ji ana kiran sunansa na yi shiru, na kwana biyu ina shiru. Wannan ya fi yanke wayar muni."

Mutanen da suka zo da zagi a baki suka rasa inda za su ajiye shi, domin rabinsu suna da uba ko wa da ramin nan ya yi wa irin abin da ya yi wa Suwailim.

Sai Injiniya Lubna ta miƙe. Ta ce za ta rubuta duk abin da ta gani, har da shigar tumakin, kuma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Amma tumakin saman ganye kawai suka ci, saiwa ta yi nisa a ƙasa, zai toho da ruwan farko. Ƙarƙashin kusan kowane ƙataf kuma ta samu 'ya'yansa da suka tsiro da kansu ba wanda ya dasa, kuma abin da aka aiko ta nema ke nan.

"Ban ga dalilin sake jira ba," ta ce. Ta juya wajen Suwailim. "Baffa, na auna filaye da yawa, ban ga wanda aka kula da shi kamar wannan ba. Ka yi aikin da kyau har ya fi ƙarfin ka ɓata shi."

Suwailim ya yi wani sauti, ba a san dariya ba ce ko kuka, tari ya haɗiye shi. Ya zame ya zauna ya rufe fuska da rawaninsa.

Shehi Falah ya taso da kansa ya tako har bakin ƙofa, ya zuba wa Miflih gahawa da hannunsa, ya ce ya faɗi haƙƙinsa.

Miflih ya juya finjalin a hannu. "A ɗaura farin ƙyalle a inda aka yanke wayar, babba, wanda za a hango daga shagon shayi. Kowa ya san an wanke ni. Suwailim zai ɗaura." Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Kuma in an yi wani bikin a tuna akwai mutum a kwari."

Bayan 'yan makonni takarda ta zo daga Amman, motar kamfani ta kwashe waya da turaku, aka kulle ɗakin kwano. Shehi ya sa aka yi karo-karo don maganin Suwailim, abin da aka tara ba zai kai shi bazara ba, kowa ya san haka. Abu Sayil ya yi ta niyyar zuwa gidansa yana fasawa. Ya ceci mutum ɗaya ya tona ɗaya, kuma na biyun ne ya san shi tun suna yara.

Wata safiya ya bi ta gefen filin, idonsa a ƙasa kamar kullum. Turke ɗaya aka bari, farin ƙyallen na kaɗawa a kansa. A gindinsa ya ga sabon sawu ya nufi gangaren kurna: na dama ya taka, na hagu ya ja. Gefensa ga faffaɗan takalmin Miflih, ya rage tsawon takunsa don ya daidaita da na mai jan ƙafa. Tsakaninsu ga kofaton jaki ya nutse a ƙasa, alamar an ɗora masa jarkokin ruwa.

Can cikin kwari ana jin ragon ƙararrawa yana ta kuka a ɗaure. Abu Sayil ya tsaya yana kallon sawun. Tun da ya san jakin nan, yau ne karon farko da ya ga sawunsa ba tumaki sun taka a kai ba. Wannan karon bai sunkuya ba, ya gyara rawaninsa ya bi bayansu, ko da sauran shayi.